Bi Dafin Har Inda Ya Ƙare: Jagorar Kare Kai a Gidan Dabbobin Gwaji

Ɗalibi ya zo da safe, ya sa farar riga da safar hannu, ya auna sinadarin siteftozotosin, ya yi wa ɓeraye talatin allura don ya sa musu ciwon suga, daga baya ya gwada musu sassaƙen da yake bincike a kai. Ya cire safa, ya wanke hannu, ya kama gabansa. A ganinsa haɗari ya wuce. Washegari dattijon da ke kula da gidan dabbobin ya zo, hannu tsirara, ya kife kejin cikin baro, ƙura ta tashi ta cika masa hanci. Ba wanda ya gaya wa Baba cewa sinadarin jiya ya bi fitsarin ɓerayen ya jiƙa dusar katakon da ke ƙarƙashinsu, kuma yana cikin sinadaran da ake zargi da haddasa cutar kansa.

Abin da ya raba gidan dabbobi da sauran ɗakunan gwaje-gwaje ke nan. Kwalba inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Dabba kuwa tana numfashi, tana fitsari, tana cizo, tana yakushi, wani lokaci ma ta kufce ta shige ƙarƙashin kanta. Abin da ka zuba mata sai ta rarraba shi, kuma wanda ya fi kwasar rabon shi ne mai wankin keji, mutumin da sunansa ba ya fitowa a takardar bincike. Don haka matakan da ke tafe a kan hanya ɗaya suke: ka bi abin tun shigowarsa har ya zama toka, kana tambayar hannun wa zai taɓa a kowane zango.

Mataki na 1: Takarda kafin dabba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sayi ɓera ko ɗaya, zauna da shugaban bincike, da likitan dabbobi, da mai kula da keji, ku rubuta amsar waɗannan: mene ne za a sa wa dabbar, kuma nawa? Ta wace ƙofa yake shiga jikin mutum, hanci, baki, ido, fata ko tsinin allura? Ta ina yake fita daga jikin dabbar, kuma kwana nawa yake ɗauka? Wa zai taɓa keji, shara da gawa? In abu ya ɓaci, wa za a kira?

Kowane sinadari yana da takardar bayanin haɗari da ake kira SDS, mai sashe 16. Ba sai ka haddace ta ba. Duba sashe na 4 don agajin gaggawa, na 8 don kayan kariya, na 10 don abin da ba a haɗa shi da shi, na 13 don yadda ake zubarwa. In mai sayar da kaya ya kawo maka kwalba ba takarda, nemo ta a intanet da sunan sinadarin, ka buga, ka rataye a ɗakin.

A nan kuma ake yin tambayar da ta fi kowace safar hannu amfani: ba wani abin da ya fi wannan sauƙin haɗari? Har yau a jami'o'inmu da yawa ana jefa auduga mai kulorofom cikin kwalba don a sumar da ɓera. Kulorofom yana lalata hanta da ƙoda, na ɓeran da na mai shaƙa. Wanda ke binciken hanta da shi ma ya gurɓata sakamakonsa da hannunsa. Sinadarin eta kuwa, wanda shi ma ake sumar da dabba da shi, wuta yake jira: tiririnsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da tartsatsi, in kwalbarsa ta tsufa kuma tana tara abin fashewa. Allurar ketamin da zailazin a hannun likitan dabbobi, ko aisofuloren da na'urarsa, sun fi su nesa ba kusa ba.

Mataki na 2: Daga ina dabbar ta fito?

A 1967 ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje a Marburg da Frankfurt na Jamus, da kuma Belgrade, suka kwanta da wani zazzaɓi da ba a san shi ba. Mutum 31 suka kamu, 7 suka mutu. Birai ne da aka kawo daga Yuganda don aikin allurar rigakafi suka zo da cutar da yanzu ake kira Marburg. Ba wanda ya sa musu ita don gwaji, da kayansu suka zo.

Mu a nan ba sai mun je Jamus ba. Zazzaɓin Lassa sunan wani gari ya ci a jihar Borno, inda aka fara gane shi a 1969, kuma ɓeran da ke ɗauke da shi, Mastomys natalensis, yana yawo a gidajenmu da rumbunanmu ba alamar ciwo a jikinsa. Gafiya ma, wadda masu nazarin sassan jiki ke sa a kamo musu daga daji, ba a raina ta: a 2003 ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka ta hanyar ɓeraye da gafiyoyin da aka kai daga Ghana. Saboda haka duk dabbar da aka kamo daga daji ko aka saya a kasuwa, ɗauke ta a matsayin mai cuta, a ware mata ɗakinta da kayan aikinta, kada ta haɗa iska da fararen ɓeraye.

Sayi dabbobinka inda aka san asalinsu, kamar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da aka kafa tun 1924, ko gidan kiwon jami'a mai rajista. Ko daga can suka zo, a killace su mako ɗaya zuwa biyu ana duba cinsu, kashinsu da gashinsu.

Kowace dabba da tata. Fitsarin ɓera yana ɗauke da ƙwayar leftosifaira mai sa shawara da ciwon ƙoda, cizonsa kuma yana da zazzaɓinsa na musamman. Zomo da ɓeran Masar suna ba mutum makero. Tumaki da awaki sun fi haɗari lokacin haihuwa ko ɓari, don mabiyiya da ruwan haihuwa cike suke da ƙwayoyin bakkale da zazzaɓin Q in dabbar tana da su. Kare, cutar hauka. Biri, tarin fuka da atini.

Abu ɗaya da ake mantawa: ɗakin ajiyar abinci. Buhun abinci a ƙasa gayyata ce ga ɓeran gari. Zuba shi a durom mai murfi, toshe ramuka, sa ragar ƙarfe a tagogi da bakin kwata.

Mataki na 3: Ɗaki da iskarsa

Matakan tsaron ƙwayoyin cuta huɗu ne. Na 1 na ƙwayoyin da ba sa cutar da mai lafiya ne. Na 2 na masu cutarwa amma ba sa saurin bin iska, irin su salmonela mai sa gudawa. Na 3 na masu bin iska su yi mugun lahani, irin su tarin fuka da bakkale. Na 4 na irin su Marburg da Ebola, da renon ƙwayar Lassa a ɗakin gwaji don ta yawaita. Gaskiyar magana, yawancin gidajen dabbobinmu in sun kai mataki na 2 an gode Allah. In aikinka na mataki na 3 ne, kai shi inda aka gina don haka. Himma ba ta maye gurbin gini.

Iska ta riƙa shigowa daga baranda mai tsabta, ta bi ta ɗakin dabbobi, ta fita waje nesa da tagogin mutane. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce iskar ɗakin ta sauya sau 10 zuwa 15 a awa. Gwajin talaka: riƙe siririyar takarda a ƙasan ƙofa, in ta karkata ciki, daidai ne, in ta karkato baranda, ɗakin yana hura wa jama'a abin da ke cikinsa. In ka shiga zarnin fitsari ya sa idonka ƙwalla, amoniya ta taru, ko iska ta gaza ko an daɗe ba a sauya dusa ba. Ɓeraye suna son zafi tsakanin digiri 20 da 26, abin da bazarar Sakkwato ko Maiduguri ba ta san da shi ba, shi ya sa ake kunna fankar sama. A kashe ta duk lokacin sauya keji, don ba abin da take yi sai raba ƙura.

Akwai akwatunan aiki uku masu kama da juna a ido, kuma rikita su ya cuci mutane. Akwatin zuƙe tiriri yana fitar da tiririn sinadari waje, shi ne na kulorofom da fomalin, ruwan da ake jiƙa nama a ciki don kada ya ruɓe. Akwatin tsaron ƙwayoyin cuta yana da matatar HEPA mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikuron 0.3 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma tiriri ratsa ta yake yi ya dawo maka. Na ukun, teburin iska mai tsabta, samfurinka kawai yake karewa, iskar kuma fuskarka yake huro wa. Kada ka kuskura ka sa masa abu mai cuta. A duba lafiyar akwatin ƙwayoyin cuta kowace shekara da duk lokacin da aka gusar da shi. In an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, rufe kwalabe, ja gilashin ƙasa, ka fita har janareto ya tashi. Akwatin da ba wuta kabad ne kawai.

Mataki na 4: Jikin ma'aikaci

Rigar aiki mai dogon hannu, rufaffen takalmi ko rambut, safar naitiril, tabarau mai rufe gefe, hula. Silifas ba ya shiga. Dogon hijabi da mayafi suna sharar bakin keji, a tanadi gajere wanda zai shige cikin rigar aiki ya kuma kwana a wurin aiki. Rigar aiki ba ta zuwa gida a haɗa ta da wankin yara.

Takunkumin asibiti na yau da kullum ba ya tare ƙura mai laushi, N95 ake bukata, shi ma sai ya manne da fata. Mai cikakken gemu ya sani cewa iska za ta bi ta gefe. Mafitarsa hular kariya mai injin hura iska, ko a ba shi aikin da ba ya tayar da ƙura.

Ba ci, ba sha, ba goro, ba taɓa waya da safa a hannu. Buta ta zauna a waje. In lokacin salla ya yi, fara wanke hannu da sabulu sosai kafin alwala, don alwala baki, hanci da ido take kai hannu, ƙofofin da cuta ke nema.

Allurar tetanus ga kowa, a sabunta bayan shekara 10. Mai aiki da karnuka ko jemagu ya karɓi rigakafin cutar hauka tun kafin cizo. Mai taɓa jinin mutum ya karɓi na ciwon hanta nau'in B. Mai juna biyu ta sanar da wuri a sauya mata aiki, don akwai ƙwayoyin kusu, kyanwa da tumaki, da sinadarai da dama, da ke taɓa ɗan tayi.

Ciwon da ya fi kama ma'aikatan gidan dabbobi ba ya cikin masu ban tsoron nan. Alaji ne, wato jiki ya ƙi jituwa da wani abu da yake shaƙa ko taɓawa. Furotin da ke cikin fitsarin ɓera yana bushewa a dusa ya tashi a iska. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta yi gargaɗi a 1998 cewa kusan ɗaya cikin uku na masu aiki da dabbobi suna samun alamun alaji, kusan ɗaya cikin goma kuma alamun asma. Yana farawa da atishawa da ƙaiƙayin ido, a ce murar hunturu ce. Alamar gane shi: yana lafawa ranar hutu, ya dawo ranar Litinin. Wanda ya ga haka ya ga likita kafin ƙirji ya fara shaƙewa.

Mataki na 5: Ranar allura

Auna garin sinadari a cikin akwatin zuƙe tiriri, a kan takarda mai tsotse ruwa, da safa biyu. In da hali, sayi ƙaramar kwalba ka narkar da shi a cikinta ba tare da ka juye garin ba. Riƙe dabbar da kyau ko ka sa ta a bututun riƙewa. Yawancin sukar allura daga zillon dabba take, hannu ɗaya na riƙe, ɗaya na sukar. Mutum biyu sun fi. Kada ka mayar wa allura murfinta, kada ka lanƙwasa ta, jefa ta da sirinjinta cikin akwatin tsini da ke kusa da hannunka, a rufe akwatin in ya kai kashi uku cikin huɗu.

Mataki na 6: Keji, inda aka fi yin sakaci

Da zarar ka cire allura, kejin ya zama wurin haɗari. Liƙa masa kati mai launi: sunan abin da aka sa, ranar da aka sa, ranar da haɗarin zai ƙare, sunanka da lambar wayarka. Rubuta da harshen da mai wankin keji yake karantawa, in ba ya karatu ku yi yarjejeniyar launi, ja na sinadari, rawaya na ƙwayar cuta, ka kuma tsaya ka yi masa bayani baki da baki. Ni a ganina ma, sauyin keji na farko bayan allura mai binciken ne ya kamata ya yi da hannunsa. Shi ya san abin da ya zuba.

Ga sinadarai irin su siteftozotosin, da magungunan kansa saikulofosfamaid da tamoksifen, cibiyoyi da yawa suna ɗaukar dusar kwana uku na farko bayan allurar ƙarshe a matsayin shara mai guba. Dabara mai sauƙi: sa dabbobin a sabon keji kafin allura, a shimfiɗa leda ko takarda a ƙasan dusar, bayan awa 72 a naɗe gaba ɗaya. In a abinci ko ruwan sha ake ba da sinadarin, to haɗarin yana nan har a daina, ragowar ruwan kuma ba a zuba shi a kwata.

Wajen zubar da dusa: kashe fanka, sa N95 da tabarau, yayyafa ruwa kaɗan don ƙura ta kwanta, zura bakin kejin cikin leda ka juye a hankali. Ba a kaɗa keji, ba a share ɗakin da busasshiyar tsintsiya, ba a feshe keji mai cuta da tiyo mai ƙarfi.

Sai maganin kashe ƙwayoyi. Duba ƙarfin bilic ɗinka a jikin roba. In kashi 3.5 ne, kamar yawancin na kasuwa, gwangwani ɗaya a gwangwani 6 na ruwa zai ba ka kashi 0.5 na jini da abin da ya zube. Ɗaya a 34 zai ba ka kashi 0.1 na goge tebur. Haɗa sabo kullum, don zafi da rana suna kashe shi. Datti ma yana cinye ƙarfinsa, don haka a wanke da sabulu tukuna, sannan a jiƙa aƙalla minti 10, a ɗauraye saboda yana cin ƙarfe. Kada ka kwarara bilic a kan dusa mai fitsari, kada ka gauraya shi da asid ko fomalin. Iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Sipirit mai kashi 70 yana da kyau ga tebur, amma ba ya kashe ƙwayar ciwon saifa in ta yi ɓawo.

Mataki na 7: Sumarwa da fiɗa

Aisofuloren yana bukatar hanyar kwashe ragowarsa. In gwangwanin gawayi kake amfani da shi, auna shi kafin aiki da bayansa. Irin da aka fi sani ana sauya shi in ya ƙara giram 50. In kana jin ƙamshin maganin, kai ma kana sha.

Fomalin da ake jiƙa nama a ciki, hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a rukuni na 1, wato tabbas yana haddasa kansa ga mutum. Buɗe shi a akwatin zuƙe tiriri, rufe kowace roba, kada a zuba shi a kwata. Tukunyar iskar gas a ɗaure ta da sarƙa a bango.

Wajen fiɗa, almakashi mai dakusasshen baki ya fi aska inda zai yiwu, kuma hannu ɗaya ne kawai ke cikin gawa in ana yanka. Dakta Jeanette Troup, likita a Jos, ta yanke yatsa tana binciken gawar wanda Lassa ta kashe a 1970, cutar kuma ta yi ajalinta. Ƙwarewa ba ta hana wuƙa zamewa.

Mataki na 8: Shara da gawa

Raba shara tun a ɗaki: mai ƙwayar cuta, mai sinadari, tsini, da ta yau da kullum. Mai ƙwayar cuta ta shiga otokilef, tukunyar da ke kashe ƙwayoyi da tururi, a digiri 121, aƙalla minti 30, babbar leda awa guda. Kada a ɗaure bakin ledar tam, a zuba ɗan ruwa don tururi ya ratsa. Tef mai sauya launi zafi kawai yake shaida. Tabbacin kisa sai da ƙwayar gwaji ta Geobacillus stearothermophilus, wadda ake sawa a ciki a ga ko zafin ya kashe ta, a riƙa yi aƙalla wata-wata. Dusa mai sinadari da duk abin da ya sha bilic ba sa shiga otokilef, tiririn zai fito wa mai buɗewa. Wannan sai na'urar ƙona shara mai zafi sosai; a nemi yarjejeniya da asibitin koyarwa in babu. Ƙonawa a fili hayaƙin guba ne ga maƙwabta.

Gawa a leda biyu, da suna, a firizar da aka keɓe mata. Naman layya da ruwan leda ba sa shiga wannan firiza. Gawar dabbar da aka sumar da ita da eta ba ta shiga firji na gida, tartsatsin injin zai iya tayar da wuta. In binnewa ta zama dole ga gawar da ba ta da mugun sinadari, rami mai zurfin kamar mita 2, nesa da rijiya, a rufe yadda kare ba zai tone ba.

Sai abin da ba a cika son faɗa ba: zomo, kaza ko akuyar da aka gama gwaji da ita ba nama ba ce. Ba a ba ma'aikaci, ba a sayar wa mai tsire. A ƙirga dabbobin da suka shigo, a ƙirga gawar da ta fita, lissafi ya daidaita. Robobi da sirinji kuma a lalata su kafin 'yan gwangwan su tsince su a bola.

Wannan zangon na ƙarshe shi ne ke fitar da haɗari zuwa gari. A 2007 cutar boru ta kama shanu a kusa da Pirbright a Ingila, bincike ya kai ga tsohon bututun ruwan datti da ke yoyo a harabar cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke wurin. A 2019 a Lanzhou ta ƙasar Sin, wata masana'antar rigakafin bakkale ta yi amfani da maganin kashe ƙwayoyi da wa'adinsa ya wuce, iskar da ta fita ta ɗauki ƙwayar, gwaji ya nuna fiye da mutum 10,000 sun kamu. Duba ranar ƙarewar maganinka, ka kuma bi kwatarka da ƙafa ka ga inda take zuba.

Mataki na 9: In abu ya faru

Cizo, yakushi ko sukar allura: sa dabbar a keji, cire safa, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur. In ido ne, ruwa zalla minti 15, ido a buɗe. A 1997 a cibiyar birai ta Yerkes a Amurka, ruwan jikin biri nau'in makak ya fantsama a idon wata ma'aikaciya 'yar shekara 22. Ƙwayar hapis B ta shiga, bayan mako shida ta rasu. Inda famfo ba shi da tabbas, a ajiye jarka mai famfo cike da ruwa mai tsabta a ɗakin, a sauya shi mako-mako.

Zubewar abu mai cuta a wajen akwati: kowa ya fita, a rufe ƙofa, a sa alama, a jira minti 30 feshin ya kwanta. Sannan a sa kaya, a rufe wurin da takarda, a zuba bilic mai kashi 0.5 daga gefe zuwa tsakiya, a bar shi minti 30, a tsince gilashi da hantsaki. Garin sinadari a rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ba a share shi. Ɓeran gwaji da ya tsere ya yi cuɗanya da waje ba ya komawa cikin 'yan'uwansa.

Kowane haɗari a rubuta shi a littafi ranar da ya faru, ko da ƙwarzane ne, kuma kada shugaba ya yi wa mai kawo rahoto faɗa, in ba haka ba gobe ɓoyewa zai yi. Kowane ma'aikaci, har mai shara, ya riƙe ƙaramin kati a aljihu mai ɗauke da irin dabbobin da yake taɓawa, ƙwayoyi da sinadaran da ake aiki da su, da lambar likitan cibiyar. In zazzaɓi ya kama shi cikin mako uku da wani haɗari, kada ya tsaya a kemis ya sayi maganin maleriya. Ya tafi asibiti, ya miƙa wa likita katin tun kafin a tambaye shi aikinsa.